Kwana Ukun da Baba Ya Yi Yana Buga Karta

Ni mace ce mai mantuwa, duk wanda ya zauna da ni ya san haka. Sai in saka makulli a cikin firji, in dawo ina faɗa da mutanen gida wai an ɗauke min. Amma akwai wasu kwana uku da ko tsufa ya zo ya share min komai a kai, su dai ba zan manta da su ba. Su ne kwana ukun da mahaifina, dattijo mai furfura, mai sayar da kwanuka da robobi a kasuwar Tudun Wada, ya zauna a tsakar gida yana buga wasan kati a wayata, ni kuma ina durƙushe a gefe kamar wadda ake wa shari'a.

Aiki ne ya jawo. Na gama karatun kwamfuta, na yi bautar ƙasa, na dawo gida na shekara cur ba abin da nake yi sai wanke-wanke da tura takardu. Ana nan sai wani ƙaramin kamfani a Abuja da ke haɗa wasannin waya ya ce ya ɗauke ni. Aikina in riƙa gwada wasan, in gano inda yake da matsala, in kuma rubuta wa sababbin shiga bayani da Hausa. Wurin zama ba matsala ba ne, yayata tana aure a can. Ranar Litinin saƙon ya zo, suka ce in ba su amsa zuwa Juma'a, in ba haka ba su ba wani.

Da Baba ya dawo daga kasuwa na durƙusa na faɗa masa, bakina har kunne. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ya yi murna, ya sa albarka, sannan ya ce in nuna masa irin abin da kamfanin ke yi. Na buɗe wasan na miƙa masa. Ya ɗaga tabarau, ya kai wayar nesa, ya dawo da ita kusa. Da ya ga katuna biyar a jere a ƙasan allo, fuskarsa ta canza.

"Uwata, wannan ai karta ce."

Na ce, "Baba, ba a sa ko sisi a ciki."

Ya ce, "Ba sisin ne ya dame ni ba. Ina saurayi na ga magidanta a tasha sun zauna tun safe, kowa ya zuba wa hannun mai rabawa ido yana jiran sa'a. Na ga wanda ya zo da keke ya koma a ƙafa. Abin da yake koya wa mutum ya naɗe hannu ya jira sa'a, ba zan aika 'yata ta je ta taya a yaɗa shi ba."

Ya miƙo min wayar ya shige ɗaki. Ni kuwa na gaji zuciyarsa tsaf, na shige nawa ɗakin na bugo ƙofa, har Inna, mahaifiyata, ta leƙo ta ce in ƙofar ce ta hana ni aikin in ƙara mata ɗaya.

Abin da ban yi la'akari da shi ba a lokacin, mahaifina mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. Shi ne ya taɓa kwance rediyonsa sabuwa fil don ya ga inda maganar ke fitowa. Washegari da safe, ina shara ina kumbure-kumbure, sai ya tsaya a kaina da hularsa a hannu.

"Wai ni kam, jiya na ga garkuwa a jikin kati ɗaya. Me garkuwa ke yi a karta?"

Na ce ta tare duka ce. Ya ce dukan wa? Na ce na dodo. Da gani tambayoyi sun cika masa ciki. Sai ya yanke hukunci a tsaye. Zai buga da hannunsa, kwana uku, kullum bayan La'asar. Ni in yi masa bayanin ƙa'ida in karanta masa abin da aka rubuta da Turanci, amma ba ni zan zaɓa masa ba. In ya ga sa'a ce ke ci, magana ta mutu. In ya ga hankali ne, ranar Juma'a in tura musu amsa. Wallahi na ɗauka ya sama min hanyar da zai ƙi ne cikin ruwan sanyi, don mutumin da ko saƙo ba ya iya turawa sai an taya shi, ina shi ina cin wasa a kwana uku?

Ga wanda bai san irin wasan ba, ba shi da wuyar fahimta. Kai matafiyi ne da zai ratsa daji, zango bayan zango, a ƙarshe ka haɗu da wani ƙaton dodo. Ana ba ka kati goma sha biyu marasa ƙarfi, wasu na sara, wasu na garkuwa. Duk zagaye ana zaro maka biyar daga cikin tarinka, kana da ƙarfi uku da za ka kashe, kowane kati kuma da abin da yake ci. In ka kayar da abokin faɗa, sai a shimfiɗa maka sababbin katuna uku a ce ka ɗauki ɗaya ka ƙara a tarinka. A ƙasa, can gefe, akwai ɗan maɓallin da za ka danna ka wuce ba ka ɗauki komai ba. Wannan ɗan maɓallin shi ya kusa raba ni da aikina.

Ranar farko Baba ya shimfiɗa darduma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya riƙe wayar da hannu biyu. Yatsansa ɗaya yake dangwalawa da ƙarfi kamar mai danna ƙararrawa. Faɗan farko sara kawai yake yi, bai ko kalli garkuwa ba, wata 'yar kura ta kashe shi a zango na uku.

"Innalillahi! Kura?"

Na nuna masa wata 'yar alama a saman kan kurar. Na ce in ya ga takobi da lamba, duka za ta kawo, lambar kuma nauyin dukan ce. In bai ga takobi ba, hutawa take yi, sai ya sare ta son ransa. Ya sunkuya ya ƙura wa alamar ido.

"Au, wato ita da kanta take faɗa min abin da za ta yi? To ai wannan kurar ba ta da wayo."

Daga nan bai sake yin sara ba sai ya duba saman kai. Tambaya kuwa har na gaji. Katin da na jefa ina yake zuwa? In tarin ya ƙare fa? Wa ke cakuɗawa? Da na ce katunan da ya jefa su ake sake cakuɗawa su dawo masa, sai ya ce, "Ashe kayan nawa ne ke zagayowa." Ya kuma gano da kansa cewa kati mai cin ƙarfi uku yana tsayar da mutum cak, ya jefa guda ɗaya ya zauna yana kallo ana jibgarsa, alhali ƙanana uku sun fi yi masa aiki. Kafin a kira Magariba ya kai zango na bakwai. Na kwanta ranar da 'yar fata a raina.

Rana ta biyu ce ta ɓaci. Baba ya iya tare duka, ya iya lissafin ƙarfi, yana ta cin faɗa. Amma duk sanda aka shimfiɗa masa katuna ukun nan sai ya ɗauki ɗaya. Ko da duka ukun tarkace ne, sai ya zaɓi mai dama-dama ya ce, "Madalla, an gode." Kafin ya kai tsakiyar daji tarinsa ya haura arba'in. Yana da katuna masu kyau a ciki, amma sun nutse. Dodo zai ɗaga takobi, Baba yana neman garkuwa, sai a zaro masa shirgi biyar da ba su san juna ba. Sau biyu yana mutuwa a haka. A na biyun ya ajiye wayar a kan darduma a hankali.

"Kin gani ko? Ina da garkuwa, na san ina da ita, amma sai mai rabawa ya ga dama. Wannan shi ne abin da na gani a tasha."

Na ce, "Baba, yawan katin ne. Ba dole ba ne duk abin da aka ba ka ka karɓa. Ga maɓalli nan, ka danna ka wuce."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "A miƙo min kyauta in kau da kai? A gidan nan kika koyi haka?"

"Baba, inji ne fa! Ba mutum ba ne!"

"Ko inji ne, wani ne ya zauna ya tsara a ba ni. Wanda ya saba raina abin hannun inji, gobe na mutum zai raina."

Kuma da gaske yake. Mahaifina bai taɓa mayar da kyauta ba. Akwai wata hula ja mai ratsin kore da wani abokinsa na unguwar Kwangila ya kawo masa tsaraba, duk gidan mun san ba ta yi masa kyau, amma sai da ya je Juma'a uku da ita don kada mai kyautar ya ji wani iri. Yanzu ina ganin kyan wannan hali. A ranar kuwa ji na yi kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima.

Na faɗa madafi na tarar da Inna tana tsince zogale. Na zazzage mata komai, har da cewa Baba da gangan yake yi. Ta bar ni na gama tsaf, ba ta ko ɗago ba.

"Kin gama? To ke da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Kin taɓa ganin an ce wa mahaifinki ‘ka ƙi’ ya ƙi? Miƙo min tiren can, ki bar ni da shi."

Ranar Alhamis, rana ta ƙarshe, Inna ta yi dambu da rana, wanda Baba ba ya wasa da shi. Ya dawo daga kasuwa da wuri, ya ci ya yi nak, ya yi La'asar, ya zauna a dardumarsa ya karɓi waya. Yana cin faɗan farko, an shimfiɗa masa katuna uku ke nan, sai ga Inna da wani kwanon dambun shaƙe, ta dire a gabansa.

"Alhaji, bismillah."

Bai ko ɗago ba ya ce, "Alhamdulillahi."

"Au, raina min abinci ka yi?"

"Wane irin raini kuma? Yanzu na tashi daga kan kwano. Na ƙoshi ne."

"To," in ji Inna, tana ɗauke kwanonta, "shi wannan bawan Allah na cikin waya da kake ta ɗura wa kaya tun shekaranjiya, shi ba ya ƙoshi ne?"

Ta juya ta tafi abinta. Baba ya bi ta da kallo, ya dawo ya kalli katuna ukun, ya kalle ni. Ni dai na sunkuyar da kai ina danne dariya. A garin nan kullum sai ka wuce masu cin abinci sun ce maka bismillah, ka ce alhamdulillahi ka wuce, ba wanda ya taɓa cewa ka yi rashin kunya. Ni da digirina ban tuna da wannan ba.

Ya yi gyaran murya. "Ina maɓallin nan yake?"

Na nuna masa. Ya ɗora yatsa, ya ce wa wayar, "Alhamdulillahi," da ladabinsa, ya danna.

Daga nan wasan ya zama wani abu daban, shi ma ya zama wani mutum daban. Kafin ya ɗauki kati sai ya tambayi kansa da ƙarfi, "Wannan da wa zai yi aiki a cikin kayana?" Ya samu wani kati mai sa garkuwa ta fito da ƙaya, duk wanda ya doke ka shi ma ya ji ciwo. Ya ce wannan ya yi masa, ya tsaya a kansa: katin da ke ƙara garkuwa ya ɗauka, wanda ba ruwansa da garkuwa, komai kyansa, ya yi masa alhamdulillahi. A wani zango ya isa wata rumfa da ake iya cire kati ɗaya daga tari a yar. Jiya ya wuce ta yana cewa wane mahaukaci ne zai zubar da kayansa. Yau da na sake karanta masa, sai ya buga cinya.

"Kwantai! Ai kwantai ake rage wa mutum. Kayan da ba ya tafiya, ya tare maka gaban shago, mai saye ya zo neman abu kana ta haƙilo ba ka gan shi ba."

Ya fitar da katunan saran nan marasa ƙarfi da aka fara ba shi, ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya samu rumfa. Da jininsa ya yi ƙasa kuma ya ga hanya ta rabu biyu, ɗaya faɗa mai tsoka ɗaya wurin hutawa, ya ce ba a shiga kasuwa da zazzaɓi, ya je ya huta. Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe lissafe yake da tarin a ka. Mutumin da ya san adadin kofin roba da ke shagonsa ba tare da ya duba ba, kati goma sha tara wasa ne a wurinsa. Sai in ji yana ƙus-ƙus: "Garkuwa huɗu sun fita, saura biyu a ciki, zagaye mai zuwa dole ɗaya ta zo." Kuma ta zo. Ya kalle ni yana murmushi kamar shi ya ƙera wayar.

Saura zango ɗaya ya isa wurin ƙaton dodon, aka shimfiɗa masa katuna uku. Na tsakiya ruwan zinare ne, yana walƙiya, hoton wata tsawa a jiki, ƙarfi uku yake ci. Bai taɓa ganin irinsa ba. Ba abin da ya haɗa shi da garkuwa. Yatsan Baba ya tafi wajen maɓallin wucewa, ya tsaya, ya dawo.

"Kai, wannan ko don kyansa."

Na buɗe baki, na tuna sharaɗi, na rufe. Har yau ina jin yadda na cije leɓena. Ya ɗauka.

Faɗan ƙarshe ya yi tsawo. Inna ta baro madafi ta tsaya a bayansa da ludayi a hannu, ita da ta ce ba ruwanta da shirme. Dodon yana duka, ƙaya tana cinsa, jininsa yana ta raguwa, na Baba ma haka. Can aka zo gaɓar da dodon saura ƙiris, ya ɗaga takobi da wata lambar da ta fi abin da ya rage wa Baba. In ya tare wannan dukan, ƙayar kaɗai ta isa ta ƙarasa dodon. Kati shida suka rage a tarin da ba a zaro ba, biyar za a ba shi, babbar garkuwarsa tana cikin shidan. Aka zaro. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na biyar ya juyo yana walƙiya, ruwan zinare.

Baba ya jefa tsawar don ba abin da ya rage masa. Ta daki dodon, ba ta kashe shi ba. Takobi ya sauko, allo ya yi ja.

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ba kukan wasa nake ba, Abuja nake gani tana tafiya. A raina na gama sallamawa: kwana uku bai ci wasan ko sau ɗaya ba, kuma ga shi a idonsa katin da yake jira ya maƙale a ƙasan tari. In wannan ba sa'a ba ce a wurinsa, mece ce? Na fara tattara zanina zan tashi.

"Zauna, Uwata."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana kallon allon.

"Kati nawa suka rage kafin a zaro?"

Na ce shida.

"Da ban ɗauki mai walƙiyar nan ba fa?"

Na lissafa. "Biyar."

"Biyar. Da duka an ba ni, har da garkuwata." Ya girgiza kai, sai kuma ya yi 'yar dariya. "Ni na kashe kaina, tun a zangon baya. Ina sane ba ya cikin tsarina, kwaɗayi ya ja ni. Mutanen da na gani a tasha, in an cinye su ba mai iya nuna maka inda ya yi kuskure, sai dai ya ce yau ba sa'a, gobe ya dawo ya sake zama. Ni kuwa ga nawa kuskuren, ina iya ɗora yatsa a kansa. Abin da zai kayar da kai ya kuma nuna maka laifinka, wannan ba caca ba ce."

Ya miƙo min wayar. "Ki tura musu. Ba sai gobe ba."

Sai na fashe da kuka mai dalili, na kifa kai a gwiwarsa kamar 'yar yaye. Inna ta ce, "Ikon Allah, an hana ta kuka, an ba ta kuka," ta koma wajen tukunyarta da ta fara kamawa. Na rubuta musu amsa a nan kan dardumar, Baba yana leƙe yana tambaya ta ina saƙon yake bi ya isa Abuja.

Shekaru sun shuɗe, na rubuta wa sababbin shiga bayani ba adadi, kuma kusan duk abin da nake faɗa musu a tsakar gidanmu na gan shi: ka duba abin da abokin faɗa zai yi kafin ka motsa, ka tsaya a kan tsari ɗaya, kada ka cika tarinka da abin da ba ka bukata. Amma abin da ya zauna min a rai ya wuce wasa. Kwana uku ina roƙon Allah Baba ya ci, don na ɗauka sai ya ci zai yarda da ni, ashe shi gaskiyar abin kawai yake nema, ko da a kansa za ta faɗo. Dattijo ne da zai iya cewa sa'a ce, magana ta ƙare, ba mai ja da shi. Sai ya zaɓi ya ce laifinsa ne a gaban matarsa da 'yarsa, alhali ya san faɗin hakan shi zai ɗauke masa ni daga gida. Tun daga ranar, in abu ya lalace min, ina jin kunya in ce ba ni da sa'a. Sai in koma baya, zango zango, har in samo inda na miƙa hannu da kaina.